In Kun Ji Shiru, Lafiya Ce

Akwai wani malamin jami'a a Accra da ake kira Dakta Sharfuddeen. Ɗan unguwar Nima ne gaba da baya. A wani gidan haya kusa da babbar kwata aka haife shi, irin gidan da in maƙwabci ya yi tari sai ka yi masa sannu daga kan gadonka.

Allah ya ba shi kai. Ya karanci lafiyar al'umma har ya ƙure, ya samu koyarwa a wata jami'a, ya tare a wajen Madina, wata unguwa a gefen Accra, cikin gida mai katanga. Tun da mahaifiyarsa ta rasu ƙafarsa ta ɗauke daga Nima. Ba faɗa aka yi da shi ba. Shi dai kullum aiki ya yi masa yawa. Kun kuwa san irin wannan aikin, ba ya hana mutum zuwa taro a Landan, Nima kaɗai yake hana shi zuwa.

Abin da ya ɗaga sunansa wani bincike ne da ya yi a kan hawan jini tsakanin mata masu sayar da abinci a Nima da maƙwabciyarta Maamobi. Masu waakye, wato shinkafa da wake, masu koko da ƙosai, masu tuwo, duk waɗanda ke wuni a bakin wuta.

Da zai fara aikin ya bi hanyar da ta dace. Ya sayi goro ya kai wa Malam Jibirilu, limamin masallacin layinsu na da, ya roƙi a yi masa shela. Liman ya yi, aka sa rana, aka kafa tebur a inuwar masallaci.

Mata suka zo, amma suka yi cirko-cirko daga nesa. Kowace tana son ta ga abin da zai samu wadda ta fara.

Sai ga Mma Sahadatu mai waakye ta ratso su tana goge hannu da gefen zani. Aminiyar mahaifiyar Sharfuddeen ce. Yana ƙarami, duk ranar da gida ba abin karyawa, a gaban tukunyarta yake tsayawa kafin ya wuce makaranta, kuma bai taɓa tafiya da yunwa ba.

Ta zauna, ta miƙa hannu, ta dubi sauran matan.

"Me kuke tsoro? Yaron nan a bayana ya yi barci, har ya yi min fitsari a zanen sallah. In shi zai cuce mu, ba sauran mai gaskiya a Accra kraa, ko ɗaya."

Aka yi dariya. Dakta ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ɗaura mata abin awo a dantse. Ya tambaye ta ko tana fama da ciwon kai.

"Ciwon kai? Dokta, kan nan kullum ganga yake kaɗawa. Amma ba cuta ba ne. Rabi hayaƙi ne, rabi surutun mijina."

Mata suka sake tuntsirewa, suka fara jera layi a bayanta.

Shi kuwa Dakta dariyarsa ta ɗauke. Abin da na'urar ta nuna ya haura ɗari biyu. Ya sake aunawa, bai sauka ba. Duk wanda ya san aikin ya san mai irin wannan awo bai kamata ya koma bakin wuta ba sai ya biya asibiti.

Amma Dakta ya riga ya kafa wa ɗalibansa da suka zo taya shi aiki doka tun a mota: kada a faɗa wa kowa sakamako a wurin. Dalilinsa shi ne, in mace ɗaya ta tashi da kuka, sauran za su watse, shi kuma yawan mutane yake nema don binciken ya yi nauyi. Ya dubi layin da ya miƙe har bakin shagon tela. Ya dubi Mma Sahadatu. Ya kwance mata abin awon ya ce ta gama.

Da aka tashi, ya miƙe ya yi wa matan jawabi.

"Iyayena, za mu tafi da wannan mu duba a natse. In kun ji shiru, lafiya ce. In akwai matsala, ni da ƙafata zan zo har gida in faɗa."

Maganar ta yi wa matan daɗi ƙwarai, don ta dace da abin da suka sani. A Zongo, wato unguwanni irin su Nima, ba a jefa wa babba labari mai nauyi a bainar jama'a, ba a kuma aika masa ta waya. Takawa ake yi, a cire takalmi, a zauna, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan a faɗa. Suka ce ashe boko bai cire wa yaron nan tarbiyya ba.

Kada mu zalunce shi, a ranar da gaske yake. Ya ce wa kansa gobe zai je wurin Mma Sahadatu. Goben ta zo da taron sashe. Jibi aka ba shi jarrabawa ya yi maki. Ana haka takardar gayyata ta iso daga ƙasar waje, ya shiga neman biza. A filin jirgi ya tuna, ya kira wani ɗalibinsa ya ce ya leƙa matan da awonsu ya yi sama. Ɗalibin ya ce to, ya kuma ɗauka ai malam ya riga ya je wa manyan cikinsu, shi ma ya bari sai ya samu sarari.

Kamar yadda masu bincike ke yi, aka cire sunaye aka sa lambobi. Daga nan ba Sahadatu, ba kowa, sai jadawali da zane mai hawa da sauka.

Binciken ya yi kasuwa. Aka buga shi a manyan mujallu, aka yi ta kiran Dakta taro. Duk inda ya tsaya da labari ɗaya yake buɗewa: wata mai waakye a Nima da ta ce ciwon kanta rabi hayaƙi ne, rabi surutun mijinta. Zaure ya ɗauka da dariya. Sai ya yi shiru kaɗan, ya sassauta murya, ya ce matar nan tana tsaye a gaban tukunya alhali jininta ya haura ɗari biyu. Zaure ya yi tsit, daga baya a tafa.

Ya maimaita labarin har ya yi sumul a bakinsa. Ya riƙe labarin gam, mai labarin kuwa ya yar da ita. In ta faɗo masa a rai, sai ya ce ai ɗalibin nan ya je, ya juya wani tunanin.

Shekaru suka shuɗe. Jami'arsu ta buɗe wata babbar kujera, mataimakin shugaba mai kula da yadda bincike zai amfani jama'a. Sun gaji, in ji su, da takardun da ke ƙarewa a kan kantar littattafai, suna son wanda zai fitar da ilimi ya kai shi lungu da kasuwa.

Dakta Sharfuddeen ya so kujerar nan so ba na wasa ba. Ya ga ofishin, ya ga motar, ya ga sunansa a jikin ƙofa. A ransa kuwa ya ce wa ya fi shi cancanta, shi da ya fito daga Nima ya kuma yi suna da matan Nima?

Ranar tantancewa ya shiga gaban kwamiti da kwat mai tsada. Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce da aka gayyato daga wata jami'ar, Farfesa Wadia. Ba ta da yawan magana, ta saman tabarau take kallon mutum.

Dakta ya zuba Turanci. Ya kawo labarin mai waakye, kwamiti ya yi dariya a inda aka saba yi, ya yi tsit a inda aka saba. Farfesa Wadia ce kaɗai ba ta tafa ba.

Ta ce, "Ina matar take yanzu?"

Tun da yake ba da labarin nan ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Duk waɗanda aka samu da matsala an bi su, Farfesa. An sada su da asibiti."

Ta ce madalla. Sannan ta sanar cewa tunda kujerar ta amfanin jama'a ce, kowane ɗan takara zai kai kwamiti inda bincikensa ya taɓa, su ji daga bakin mutanen.

Dole ta sa Dakta ya tuna hanyar Nima. Ya ajiye motarsa a bakin titi inda motocin haya, trotro, ke lodi, don lungu ba ya cin irinta, ya taka zuwa wurin Malam Jibirilu da ledar goro.

Liman ya tsufa. Ya ƙura masa ido kafin ya gane shi.

"Sharfu? Kai ne? Mun ɗauka ƙasar Turawa ta haɗiye ka."

"Aiki ne, Malam."

"Yoo. Aiki yana da kyau. Zauna."

Ya faɗi buƙatarsa. Yana son rumfa da kujeru a gaban masallaci ran Asabar, da matan da aka auna a wancan karon. Ya ƙara da cewa in da hali a zaɓo masu kuzari, waɗanda suka iya magana. Liman ya dube shi kamar zai ce wani abu, sai aka kira sallah.

Da zai koma ya bi ta kwanar da Mma Sahadatu ke sayar da waakye. Tukunyar tana nan, bencin yana nan, amma wata matashiya ce ke zubawa. Ya gane ta, Asana ce, autar Mma. Ƙafarsa ta so tsayawa. Sai ya zaro waya ya kanga a kunne, ya kau da kai ya wuce yana magana da ba kowa. Ya ce wa kansa tsohuwa ta huta ne, ta bar wa 'ya sana'a.

Asabar ta yi da hantsi. Rumfa ta cika da mata cikin mayafai masu kyau. Kwamiti ya zauna a gaba. Dakta ya riƙe lasifika, shi ne mai gabatarwa, shi ne kuma tafinta, don a lissafinsa ba mai jin Hausa cikin baƙin.

Komai ya tafi yadda ya tsara. Mai koko ta tashi ta ce Dokta ɗan gida ne, bai wulaƙanta su ba. Mai tuwo ta ce tun daga lokacin ta rage gishiri. Yana juyawa da Turanci yana ƙara musu ado, 'yan kwamiti suna gyaɗa kai suna rubutu.

Sai aka ji motsi daga baya. Mata suna janye kujeru suna ba da hanya.

Asana ce ke turo keken guragu, gumi na zuba mata, don sai da ta ɗaga shi ta tsallaka kwatoci kafin ta iso. A cikin keken Mma Sahadatu ce. Ta sha leshinta na biki, an yafa mata farin mayafi. Hannunta na hagu yana kwance a cinya ba ya motsi, bakinta ya karkace gefe guda.

Dakta ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi. Lasifikar ta yi masa nauyi a hannu.

Asana ta ce masa a hankali, "Yaya Sharfu, na ce Mma ya zauna gida, ya ƙi. Wai ya ji za a ba ka babban kujera, dole ya zo ya yi maka shaida."

Mma Sahadatu ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kira shi. Ya durƙusa. Ta shafa kansa kamar da can.

"Ka yi ƙiba sosai paa. Riƙe min abin maganar nan, ka faɗa wa manyanka abin da zan ce. Kar ka rage."

Maganarta tana fita da ja, amma ana ji sarai.

"Ku ba yaron nan kujera. Ni na goya shi, na san halinsa. Da hannunsa ya auna ni a nan wurin. Ya ce in mun ji shiru, lafiya ce. Na jira, na ji shiru, na gode Allah."

Dakta ya juya wannan da Turanci.

"Bayan nan kai ya yi ta damuna, ido yana yin duhu. Asana ya ce mu je asibiti. Na ce Dokta guda ya duba ni bai ga komai ba, me ƙaramin nas zai gani? Wannan cuta da kuke gani daga baya ya zo, rana ɗaya, ina kan tukunya. Kar ku ga ni a keke ku ce aikinsa bai yi kyau ba. Daga Allah ne, ba laifin kowa."

Wannan karon Dakta bai juya ba. Wani ɗan kwamiti ya ɗago yana jira.

Ita kuwa Mma, ganin wurin ya yi nauyi, sai ta so ta sa mutane dariya kamar yadda ta saba.

"Ka tuna, Sharfu? Na ce maka ciwon kaina rabi hayaƙi ne, rabi surutun mijina. To miji ya rasu, hayaƙi na bar wa Asana. Yanzu kan ya huta."

Mata suka yi dariya mai haɗe da tausayi. Dakta yana durƙushe, yana kallon ƙasa. Labarin da ya ci abinci da shi shekara da shekaru ga shi zaune a gabansa cikin keke, yana roƙa masa kujera.

"Ba sai ka fassara ba, Dakta."

Da Hausa aka yi maganar. Ya ɗago. Farfesa Wadia ce ta miƙe tana cire tabarau.

"A Sabon Zongo aka yanke cibiyata. Na ji ta."

Ba ta tozarta shi a gaban jama'a ba, kuma wannan ya fi masa zafi. Ta tako ta rusuna gaban Mma Sahadatu, ta kama hannun nan da ba ya motsi ta riƙe, ta gaishe ta da jiki, ta tambayi wane asibiti take zuwa. Mma ta yi ta murna, ta ɗauka shaidarta ce ta ratsa babbar baƙuwa.

Aka yi addu'a aka tashi. Ya raka kwamiti bakin titi. Sauran suka shiga mota, Farfesa Wadia ta tsaya.

"Ita ce, ko?"

"Ita ce, Farfesa."

"Ƙaryar da ka yi mana za mu zauna a kanta a ofis. Ba ita ta fi damuna ba. Ka dubi matan da suka cika rumfar nan. Nawa ne cikinsu har yau suke zaune a kan shirunka?"

Ta shiga mota suka tafi, suka bar shi tsaye kwandastocin trotro suna kiran masu zuwa Circle a kansa.

Kujera dai ta wuce shi, aka ba wata malama da ta yi aiki da masunta. Shi kuma aka kafa masa kwamitin bincike, aka dakatar da shi daga jagorantar ɗalibai. Abokan aiki suka koma gaishe shi da ka, daga nesa.

Duk wannan bai hana shi cin abinci ba. Abin da ya hana shi shi ne Mma Sahadatu ba ta sani ba. Har saƙo ta aiko ta bakin liman, wai tana nan tana masa addu'a, an ba shi kujerar kuwa?

Kunya ta so ta sake zaunar da shi, kamar yadda son suna ya zaunar da shi a baya. Ya yi ta juya abin, har ya gane in ya sake cewa gobe, to ba zai taɓa zuwa ba.

Wata safiya ya bar motarsa a gida ya hau trotro. Ya sauka ya shiga lungu da ƙafa. A ƙofar ɗakin Mma ya yi sallama, ya cire takalmi, ya ƙi kujerar da Asana ta jawo masa, ya zauna a kan leda a ƙasa.

Ya gaishe ta da kwana. Ya gaishe ta da jiki. Ya tambayi jikoki, ya yi mata ta'aziyyar mijinta da bai zo ba a lokacinta. Gaisuwa ta ƙare, ba sauran inda zai ɓuya.

Mma ta dubi takalmin da ke bakin ƙofa, ta dube shi a ƙasa. Murmushin fuskarta ya tafi a hankali. Ta san me irin wannan zama yake nufi.

"Faɗi, Sharfu."

Ya faɗa. Ya ce ranar da ya auna ta ya ga jininta ya hau hawan da ke kashe mutum. Ya ce ya yi shiru don kada layi ya watse. Ya ce da ta fara shan magani a lokacin, da wataƙila tana kan ƙafarta yau. Bai ambaci biza ba, bai ɗora wa ɗalibi ba. Hawaye yana zuba, bai share ba.

Asana ta miƙe.

"Ka gani? Da idonka ka gani, ka bar shi ya koma wuta? Ni nake ɗaga Mma, ni nake masa wanka, makaranta na bari saboda tukunya. Sau nawa na ce mu je asibiti ya ce Sharfu ya duba? Sannan ka wuce ta gabana da waya a kunne, ka ɗauka ban gan ka ba?"

Ba kalma ɗaya a cikin maganarta da ba gaskiya ba.

Mma Sahadatu ta dubi hannunta na hagu. Sannan ta yi magana, ba da faɗa ba.

"Kullum aka yi sallama a ƙofar nan, a watannin farko, sai gabana ya faɗi, in ce ga Sharfu ya zo. Da na ga ba ka zo ba, har sadakar waakye na yi don godiya."

Ta numfasa.

"Ka ce za ka zo da ƙafarka. Ga shi ka zo. Ka dai makara."

Ya kifa kai a ƙasa ya ce ta yafe masa.

"Maganar yafiya za mu yi ta, amma ba yau ba. Yau zuciyata ba ta da wuri. Ni kaɗai ce awona ya hau?"

"A'a, Mma. Da yawa ne."

"To me kake yi a ɗakina? Nawa ya riga ya faru. Tashi ka je wa waɗanda ke tsaye."

Ya koma wurin Malam Jibirilu, wannan karon ba rumfa ba lasifika. Ranar Juma'a ya tsaya da kansa a ƙofar masallaci ya ce duk macen da ya taɓa aunawa ta manta da maganarsa ta da, shirunsa ba lafiya ba ne, sakaci ne. Ya ji abin da mutane suka ce, ya kuma cancanci ji.

Ya ɗauko na'urarsa ya shiga bi rumfa-rumfa, gida-gida, daga Nima zuwa Maamobi. Wasu suka rufe masa ƙofa. Wasu gidajen ya tarar mai sunan ta rasu, 'ya'yanta suka ce faɗuwa ta yi farat ɗaya, ba ta yi jinya ba. Irin waɗannan gidaje in ya fito sai ya jingina da bango kafin ya iya ci gaba. Wasu kuma ya same su da sauran lokaci, ya sa su a gaba har asibiti, ya zauna a benci sai an gan su.

Asana ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa. Kullum ya wuce ta kwanar zai yi sallama, ita kuma ta ci gaba da zuba waakye kamar iska ce ta wuce.

Rannan ya ga tana dafe goshi tsakanin mai saye da mai saye. Ya tsaya.

"Asana, kanki yana ciwo?"

"Hayaƙi ne."

Amsar uwarta ce ta fito daga bakinta. Ta ajiye ludayi, ta zauna a bencin da uwarta ta saba zama, ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba.

Ya ɗaura. Na'urar ta kumbura ta saki. Ya ƙura wa lambar ido.

"Faɗa min yanzu," in ji Asana. "A nan, kafin ka cire abin nan daga hannuna."

"Ya hau. Bai kai na Mma ba, amma ya hau. Rufe tukunya mu tafi."

Ta rufe. Masu layi suka yi ƙorafi, ta ce su dawo gobe. Yau Asana tana shan maganinta, tana kan ƙafarta, tana sayar da waakye.

Dakta Sharfuddeen bai zama mataimakin shugaban jami'a ba, kuma da wuya ya zama. Duk Asabar za ka gan shi a inuwar masallacin nan da ƙaramin tebur. In ya daɗe yana kallon na'ura, sai matan su ce, "Dokta, buɗe baki. Shirunka ba ma so."

In ya tashi yakan biya ta ƙofar Mma Sahadatu, inda ake fito da ita ta sha iska. Tana amsa gaisuwarsa, wani lokacin har ta tsokane shi da zancen zanen sallah. Amma har yau bai iya kallon hannunta na hagu ba, ita kuma har yau ba ta ce ranar maganar yafiya ta zo ba.

Darasi: Ilimin da aka ɗebo daga jikin mutane amana ce, ba ta sauka daga wuyanka sai ka koma ka faɗa musu abin da ka gani, tun yana da amfani. Kafin ka nemi kujerar yi wa al'umma hidima, ka tambayi kanka ko akwai wanda ya yarda da kai yake zaune yana jiran maganarka. In akwai, ka taka yau, kar ka ce gobe. Ku tura labarin nan ga 'yan uwa, musamman ɗalibai da malamai da ma'aikatan lafiya, kuma duk mai uwa a bakin wuta ya kai ta a auna ta, a faɗa mata sakamako a take.